Ina son shiga gasar harbi, Inna ta ce ba da yawunta ba

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, mazaunin Gusau. A Alƙahira na yi karatu, kuma a can wani abokina Bamisire ya riƙa kai ni kulob ɗinsu na harbi, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama, kai kuma ka fasa shi da bindiga kafin ya faɗo. Har mai horarwa ya ce ina da ido. Tun da na dawo gida abin ya ƙi fita daga raina, ina so in kai matakin gasa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar bindiga mai baki biyu da lasisinta, yau shekara uku tana cikin akwati a ƙarƙashin gadon Inna. Baffana ya ce in ɗauka, ai gadona ce. Inna ta ce in na taɓa ta ba da yawunta ba, domin 'yan bindiga ne suka kashe yayana a hanyar gona. Ana cikin haka na haɗu da wani a WhatsApp, ya ce in na tura naira dubu 400 zai yi mini katin zama mamba na ƙungiyar harbi ta Amurka da takardar gayyata zuwa babbar gasarsu, kuma wai katin zai zame mini lasisi a nan gida. Sannan ina shan propranolol saboda ciwon kai na ɓari ɗaya, wani ya ce wannan ma zai iya hana ni. Malam, mene ne ainihin sharuɗɗan shiga irin wannan gasa, kuma yaya zan yi da Inna?

Daga wani matashi, Gusau

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku da yayanka, ya sa Aljanna ce makomarsu, ya ba Inna haƙurin da ba mai iya ba ta sai shi.

Kafin komai, kada ka tura kuɗin nan. Ko sisin kwabo. Ƙungiyar da mutumin yake nufi tana nan, sunanta Amateur Trapshooting Association, ana ce mata ATA, hedikwatarta na garin Sparta a jihar Illinois, kuma can ake yin babbar gasarta, Grand American, duk watan Agusta. To amma mai son zama mamba shi da kansa yake cike takarda ya biya ƙungiyar kuɗin shekara kai tsaye, kuɗin kuma bai kama ƙafar abin da aka yanka maka ba. Ba a bi ta hannun dillali. Biza ofishin jakadanci ne kaɗai ke ba da ita, takardar gayyata ba ta tilasta masa. Batun cewa katin wata ƙungiyar wasa a Amurka zai zama lasisin bindiga a Zamfara kuwa, duk wanda ya faɗa maka haka ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya san ka ƙagu ne yake wasa da hankalinka. Ka ajiye saƙonninsa da lambar asusun da ya turo, ka toshe shi, ka gargaɗi abokanka.

Ko da ma katin na gaskiya ne, ba ya kai ka inda kake zato. A tsarin ATA katin ƙofar shiga ce kawai, abin da ake dubawa shi ne tarihin harbinka. Duk faifan da ka harba a gasar da aka yi wa rajista ana rubuta shi, shekarar lissafinsu tana farawa 1 ga Satumba ta ƙare 31 ga Agusta, kuma da wannan lissafin ake raba mutane aji-aji, daga D har zuwa AA da AAA. A harbin faifai ɗaɗɗaya kowa na tsayawa yadi 16 bayan inji. A ɗaya nau'in kuma, gwargwadon ƙwarewarka gwargwadon yadda ake ja da kai baya, har zuwa yadi 27. Wanda ya je babbar gasa ba tare da ya tara adadin faifan da aka gindaya ba, sai a jefa shi ajin da ya fi ƙarfinsa ko a ja shi baya, don kada gwani ya ɓoye gwanintarsa ya zo ya kwashe kyautar 'yan koyo. Kai da ba ka da faifai ko ɗaya a littafinsu, ka ga kenan abin da katin zai saya maka. Ga kuma dokar Amurka kanta, wadda ta hana baƙon da ya shiga da bizar ziyara riƙe bindiga ko harsashi sai ya cika wasu sharuɗɗa na musamman, kamar mallakar lasisin farauta na wata jiha ko shaidar cewa wasan ne ya kawo shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wanda kai ka ambata kamar ƙaramin abu: akwatin da ke ƙarƙashin gadon Inna. Ƙanena, lasisin bindiga ba a gadonsa. An ba mahaifinku ne da sunansa, a kan wannan bindigar, kuma ya tafi da shi. Dokar bindigogi ta Najeriya, wadda asalinta ya koma 1959, ta ba magada ɗan gajeren wa'adi na kwanaki bayan rasuwar mai lasisi su daidaita lamarin. Shekara uku ta wuce wannan wa'adi nesa ba kusa ba. Ma'ana, a idon doka yau akwai bindiga marar lasisi a ɗakin mahaifiyarka, laifin da hukuncinsa ɗaurin shekaru ne. Ba ina tsorata ka ba ne, amma ka san garinku. Ka ɗauka wani maƙwabci da kuka saɓa ya kai rahoto, ko an zo bincike unguwa, ko kai ka saka ta a bayan mota za ka je daji gwaji aka tsayar da kai a shingen jami'an tsaro a hanyar Tsafe. Matashi, bindiga a but, takarda da sunan mamaci. Wa zai tsaya sauraron labarin faifan yumɓu da Alƙahira? A Zamfara ta yau kafin ka gama bayani an riga an laƙaba maka sunan da wanke shi zai ɗauki shekaru.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin mutum, kamar irin ta mahaifinku, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma har bindigar iska tana cikin wannan rukuni, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sai bindigar toka ta mafarauta, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ta cewa a kanta. Ba a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Na san za ka ce duk ka tsallake waɗannan. Haka ne, sai dai cika sharuɗɗa ba ya wajabta a ba ka. Ka tuna watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, har aka yi maganar raba fom a masarautu. Nan take Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A watan Agustan 2023 kuma Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Abin da umarnin gwamna bai buɗe ba, katin WhatsApp ba zai buɗe shi ba.

Abin ban dariya, in akwai abin dariya a nan, shi ne bindigar da ake ta wannan rigima a kanta ba ma irinta ake gasa da ita ba. Ta mahaifinku ta farauta ce, kuma ina kyautata zaton bakunanta gefe da gefe suke. 'Yan gasa kusan duka suna riƙe mai baki ɗaya bisa ɗaya, irin ta kamfanonin Beretta da Perazzi, mai nauyi, wadda aka gyara kotarta daidai kafaɗa da kumatun mai ita. Wannan ka fi ni sani tunda ka riƙe ta.

Hanyar da ta dace da ɗan Najeriya ba ta Amurka ba ce. Wasan da ka koya a Masar, mai yiwuwa shi ne na Olamfik, wanda hukumar harbi ta duniya, ISSF, mai mazauni a birnin Munich na Jamus ke kula da shi. A wannan wasa akwai injuna 15 a cikin rami, uku-uku a gaban kowace matsaya biyar, maharbi na tsaye mita 15 a baya, ya kira, faifai mai faɗin santimita 11 ya fito ta inda bai sani ba, ya yi tafiyar mita 76. Faifai 125 ake harba a zagayen share fage, kashi biyar na 25, harbi biyu ga kowane faifai, kuma gubar da ke cikin harsashi ba ta wuce giram 24. A wannan tsarin mutum ba ya shigar da kansa gasa, komai kuɗinsa. Hukumar harbi ta ƙasarsa ce ke tura sunansa, ita ke nema masa lambar shaida ta ISSF, kuma dole ya zama ɗan ƙasar da yake wakilta. Rukunin matasa na 'yan ƙasa da shekara 21 ne, ka wuce shi, da manya za ka kara. Gurbin Olamfik kuwa galibi ƙasa ake ba, ita ta zaɓi wanda za ta tura. Don ka ga yadda ƙasa ke da nauyi a wannan lamari, Fehaid Al-Deehani na Kuwait ya ci zinare a Rio a 2016, amma ba a ɗaga tutar ƙasarsa ba, saboda an dakatar da kwamitin Olamfik na Kuwait a lokacin. Don haka ƙofarka ita ce Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya, wadda kamar sauran hukumomin wasanni take ƙarƙashin Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka dawo da ita a 2024.

Maganar magani, wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya. Propranolol yana cikin magungunan da ke rage bugun zuciya da rawar hannu, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta wannan rukuni ga maharba, a lokacin gasa da ma lokacin da ba a gasa. A Beijing a 2008 an ƙwace lambobin yabo biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda wannan maganin. Akwai takardar uzuri ta rashin lafiya da ake nema, sai dai a wasan harbi samunta kan wannan rukuni da wuya, tunda maganin yana taɓa ainihin abin da ake gasa a kai. Amma don Allah kada ka karanta wannan ka daina sha da kanka. Yanke shi farat ɗaya na iya tayar da bugun zuciya da hawan jini. Ka koma wurin likitanka, ka gaya masa burinka, akwai wasu magungunan rigakafin ciwon kai na ɓari ɗaya, shi zai san ko akwai wanda ya dace da jikinka. Ba gaggawa a nan, domin ba gobe za a gwada fitsarinka ba.

Bari mu zo ga Inna, don duk abin da na faɗa a sama takarda ce, takarda kuwa ana cike ta. Kai idan ka ji ƙarar bindiga, abin da ke zuwa maka shi ne faifai ya tarwatse a sama, abokai na tafi. Ita kuwa ƙarar da ta raba ta da ɗanta take ji. Ba jahilci ba ne ya sa ta hana ka, kuma kada ka kuskura ka je mata da hujjoji kamar mai muhawara. Na san kana da su. Addini bai hana wasan harbi ba, har ma yana cikin 'yan abubuwan da aka yarda a sa kyauta a gasarsu, tare da tseren dawaki da raƙuma. An hana mayar da mai rai abin gwajin saiti, faifan yumɓu kuwa an ƙirƙiro shi ne don ya maye gurbin tattabarun da ake harbewa a da. Duk gaskiya ne. Amma halascin abu daban, karya zuciyar uwar da ta binne miji da ɗa daban, kuma malamin da zai ba ka fatawar farko shi zai tuna maka da ta biyu.

Ka lura da wani abu a maganarta. Cewa ta yi kada ka taɓa bindigar. Shekara uku tana kwana a kan akwatin nan, ba ta sayar ba, ba ta ba Baffa ba, ba ta jefa a rijiya ba. Mai yiwuwa tana gadinta ne don kada ta faɗa hannunka, mai yiwuwa kuma ita ce abin da ya rage mata na mijinta da ba ta iya rabuwa da shi. Ka taɓa tambayarta? Ina ganin ba wasan ne ya fi tsorata ta ba. Tana tsoron ranar da za a ce ɗanta ya fita da bindigar ubansa, ko don wasa, ko don zuciya ta ɗebe shi ya je neman fansar yayansa. Kai ma ka tambayi kanka wannan tsakaninka da Allah. In akwai ko ɗigon wannan a ranka, to maganar da za mu yi daban ce, kuma ina so ka sake rubuto mini.

Baffa kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba ko abokin tafiya. Mutumin da ne, a zamaninsa bindigar uba ɗa ke ɗauka, kuma wataƙila yana ganin gidan ɗan'uwansa bai kamata ya zauna ba makami ba a irin wannan lokaci. Niyyarsa mai kyau ce, sai dai ya yi kuskure ta fuska biyu. Ta shari'a, bindigar ba taka ba ce kai kaɗai, dukiyar gado ce da Inna da sauran 'yan'uwanka ke da haƙƙi a cikin ƙimarta. Ta doka kuma, ranar da aka kama ka ba shi zai kwana a bayan kanta ba. Ka je ka same shi da ladabi, ka ce, Baffa na bincika, an ce lasisin Baba ya mutu tare da shi, ina tsoron abin da zai sami Inna, ina so ka shige mana gaba. Dattijo in ka ba shi jagoranci yakan sauka daga ra'ayinsa ba tare da ya ji an kayar da shi ba.

Abin da zan ba ka shawara ka fara da shi kenan, tun kafin wata maganar gasa. Ku sami lauya a Gusau, ku kai masa tsohon lasisin da takardar shaidar rasuwa, shi ya rubuta wa rundunar 'yan sanda ta jiha, a tsayar da rana da yadda za a miƙa bindigar, a ba ku takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lambar da ke jikinta. Kada kai ka ɗauke ta ka nufi caji ofis da ita a hannu. Ku sanar da mai unguwa ko hakimi, ya zama akwai shaida. Kuma ka bari Inna ta ji daga bakinka cewa kai ne ka nemi a fitar da ita daga gidan. Ranar ka ce mata, Inna na ji maganarki, ba zan taɓa ta ba, kuma ba na so ta jawo miki fitina. Kada ka haɗa da roƙon komai a wannan zaman. Ka bar maganar wasa sai bayan wata biyu ko uku, sannan ka nuna mata bidiyo a waya: fili a killace, alƙalai, kowa da abin toshe kunne da tabarau, bindiga a karye a buɗe a kan kafaɗa har sai an zo layin harbi. Ka nuna mata Adriana Ruano ta Guatemala, wadda ciwon baya ya raba da wasan motsa jiki, ta koma harbi, ta ci wa ƙasarta zinaren Olamfik na farko a tarihi a 2024. Ka yi mata alkawarin da za ka iya cikawa, cewa ba bindiga a gida, ba harbi a Zamfara, sai a filin da hukuma ta amince da shi. In ta ce a'a, ka karɓa, ka sake komowa bayan wani lokaci tare da wanda take jin nauyinsa, yayarta ko limamin unguwa. Uwa takan sassauta in ta ga ba a yi mata gaba da gaba ba.

A tsakanin nan ba zama za ka yi ba. Ka rubuta wa hukumar harbi ta ƙasa, ka ba hukumar wasanni ta jiha kwafi, da tambayoyi a fili: wane kulob ne ke da rajista da ku, a ina ake da filin faifan yumɓu, farar hula na iya atisaye da bindigar kulob, nawa ne kuɗin rajistar ɗan wasa, yaushe ake gasar ƙasa kuma da wane maki ake zaɓe. Ka nemi amsa a rubuce, kuma duk kuɗin da za ka biya ya shiga asusun hukuma da rasit. Ka tuntuɓi mai horarwarka na Alƙahira ya rubuto maka shaidar horon da ka samu da makin da kake ci, in an rubuta. Masar da Maroko su ne kan gaba a wannan wasa a Afirka, Alƙahira da Rabat duk sun karɓi gasar cin kofin duniya ta ISSF, kuma kai ga ka da harshe da abokai a can. Dubu 400 ɗin da ka so ba ɗan damfara, ka fara tara kuɗin tafiya da su, ka je ka yi makonni kana harbi da bindigar kulob ka dawo hannu biyu.

Sai ka yi lissafi da idon basira. Gasa guda na iya cin harsashi sama da 125, har zuwa 250 in kana sakin na biyu, kuma masu neman lambar yabo dubbai suke harbawa a shekara, duk da kuɗin waje. Shi ya sa a Italiya da yawa daga gwanayen wasan ma'aikatan ɗamara ne da hukumarsu ke ɗaukar nauyinsu, kamar Jessica Rossi, 'yar sandar da ta fasa 99 cikin 100 a Landan a 2012. Ban ce ka shiga ɗamara don wasa ba, wannan sai ya fi tayar wa Inna hankali. Ina so ne ka san nauyin kayan kafin ka ce a aza maka. In ya yi yawa, harbin bindigar iska na mita 10 ya fi sauƙin kuɗi nesa, a cikin ɗaki ake yi, kuma shi ma wasan Olamfik ne. Akwai kwari da baka, wanda ba ya bukatar lasisin bindiga, ko da yake dokar maganin nan ta shafe shi. Akwai kuma alƙalanci da horarwa, waɗanda ƙasar da wasan bai yi ƙarfi ba take bukata ƙwarai.

Abu ɗaya da zan hana ka ko da Inna ta yarda: kada ka sassaƙa katako mai siffar bindiga don atisayen ɗagawa a tsakar gida ko a soro, kamar yadda wasu masu horarwa ke cewa a yi. A wata ƙasar shawara ce mai kyau. A Gusau wanda ya hango ka ta saman katanga ba zai tsaya tantance katako ba ne ko ƙarfe.

Ka fara da lauyan a wannan makon, kuma ka gaishe mini da Inna. In hukumar ta amsa maka, turo mini abin da suka ce mu duba tare.